Taku Nawa Ne Daga Sakkwato Zuwa Burmi?

Rana ta uku ga Babbar Sallah ita ce ranar da zaman gida ke fara isar kowa. An ci nama har haƙori ya gaji, an zaga dangi na Jekadafari da Bolari da Pantami, yara sun ƙirga goron sallarsu sun yi faɗa a kai sun shirya. Ni kuwa saura kwana huɗu in koma bakin aiki Abuja, ina kwance a zaure ina latsa waya, sai ga Bappa, ƙanin mahaifina, ya leƙo. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Wannan tumbin da kake tarawa, shi za ka bar wa yara gado?"

Haka bakinsa yake. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da alli a firamare, ya ajiye aiki tuntuni, amma har gobe kallon ɗan aji uku yake yi wa kowa. Ya ce in kwana da shiri, da safe za mu je mu taka ƙasa. Na ce ina? Ya ce dajin Kanawa. Na yi dariya, don a Gombe aka yanke mini cibiya, na bi ta yankin nan a mota ya fi a ƙirga in za ni Dadin Kowa ko Biu, amma ban taɓa sa ƙafata cikin dajin ba.

Mu huɗu muka fita: ni da Bappa, da ƙanena mai mota, da ɗana ɗan shekara goma sha biyu, haihuwar Abuja, wanda Hausarsa ma sai an riƙa yi mata gyara. Sallar ta faɗo tsakiyar damina, kuma an kwana ana ruwa. Muka bi ta Liji muka yi gabas, duwatsun gefen hanya sun yi kore shar kamar ba su ne masu ƙuna da rani ba. Kafin yaron ya gama gwaguyar gasasshiyar masarar da aka saya masa a bakin titi, mun iso.

Kuskurena na farko a gida na yi shi. Shaddar sallah na sa, fara ƙal, da takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Bappa kuwa ya ɗaura tsohon wando, ya zura takalmin roba irin na makiyaya, ya ɗauko sandarsa. Da ya gan ni bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi, kuma duk wanda ya san shi ya san murmushin nan ya fi zagi.

Dajin Kanawa yana ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, kuma ruwa ne ya bambanta shi da sauran dajin ƙasarmu. Ƙasar wurin ba ta rabuwa da danshi, shi ya sa itatuwa ke yin tsawon da ba ka saba gani ba a wannan yanki na ƙaya da sabara. Wani malamin daji, dattijo mai takalmin ruwa, ya yarda ya shige mana gaba. Ba mu yi nisa da bakin hanya ba na ji kamar an ja ƙofa an rufe a bayanmu. Ƙarar motoci ta ɗauke. Iska ta yi sanyi ta yi nauyi, tana ɗauke da warin ganyen da ya jiƙa ya fara ruɓewa. Can cikin duhuwa ragon maza yana ta kukansa mai kama da ana tsiyaye ruwa daga tulu.

Da farko itatuwan a jere suke kamar 'yan makaranta a layin safe, malaina da turare, dashen ma'aikatan gandun daji. Sai da muka nutsa ciki muka tarar da waɗanda ba hannun da ya dasa su. Akwai wani maɗaci da mu uku muka kama hannu ba mu zagaye shi ba, an sassaƙe masa ɓawo ta gefe ɗaya har iyakar inda gatari ke kaiwa, aikin masu magani. Malamin daji ya shafa wurin ya ce ɗiban sassaƙe ba laifi ba ne, tun kaka da kakanni ake yi, amma na da suna ɗiban gefe guda su shafe da laka su bar wa itace rai, na yanzu kuwa zagaye shi suke yi kamar masu fiɗar rago. Ya nuna mana kututture biyu a gefen daji, sabon sara. Ban tambaye shi ina itacen ya tafi ba. Buhunan gawayin da ke jere a kowace hanyar shiga Gombe sun isa amsa, kuma gidanmu ma da shi aka soya naman sallah, tunda kuɗin gas ya fi ƙarfin kowa.

Bappa ya buɗe aji. Ya nuna wani itace da sanda ya ce wa jikansa, "Kai angon Abuja, mene ne wannan?"

Yaro ya duba sama ya duba ƙasa ya ce, "Bishiya."

Muka kwashe da dariya, ni har da riƙe ciki. Sai sandar ta juyo kaina. Na ce kanya. Ashe ɗinya ce. Bappa ya girgiza kai ya ce gara jikan, shi bai yi ƙarya ba. Daga nan ya yi ta jero su muna tafe, ɓaure, da faru, da tsada, da giginyar da ta miƙe ta fi kowa, yana faɗin wanda ake ci da wanda ake jiƙa wa mai jego da wanda ba a hura wuta da shi a ɗaki. Birai suka biyo mu ta sama, suna tsalle daga reshe zuwa reshe, ɗaya ya saki ɓauren da ya gutsura ya faɗo daidai kan hular ƙanena. Yaron ya ce wannan shi ne abu mafi daɗi da ya gani tun da ya zo Gombe.

Ina ƙoƙarin ɗaukar birin nan hoto ne na taka layin kwarkwasa. Malamin daji ya riga ya ce a tsallake, ban ji ba. Kafin in ankara sun hau ƙafar wando. Na daka tsalle, takalmin sallah ya yi abin da aka san shi da shi, sai ga ni zaune daɓas cikin taɓo, farar shadda ta koma ruwan ƙasa. Ba wanda ya yi mini sannu sai da suka gama dariya.

Bayan kamar sa'a biyu na nemi wani itace da ya faɗi na zauna ina haki. Cinyoyina suna rawa, diddigena ya yi bororo. Yaron ya duba wayata, akwai wata manhaja a ciki mai ƙirga taku, ya ce mun yi dubu shida da ɗari takwas. Na ce wannan ai ba ƙaramar tafiya ba ce, a rubuta mini lada.

Bappa bai zauna ba. Ya dogara da sandarsa ya ce, "Inna Bakanuwa tana da shekara bakwai ta tako daga ƙasar Kano zuwa bakin Gongola. Ba takalmi."

Na san sunan. Kakarsa ce, wadda ta haifi babansu, kuma tun ina yaro nake jin ana cewa ba 'yar nan ba ce, hijira ce ta kawo ta. Amma irin labarin nan ne da ke shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, kamar yadda ake cewa wane jikan wane ne. Sai ranar, da ƙafata ke zogi a kan taku dubu shida, maganar ta sami wurin zama.

Abin da ya tayar da su Inna Bakanuwa sananne ne. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, suka wuce Sakkwato suka ci ta ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu, bai fi wata biyar a kan gado ba a lokacin. Bai miƙa wuya ba, bai kuma tsaya ya sake gwabzawa a ƙofar gari ba. Ya ɗauki tuta ya yi gabas da niyyar hijira, ya nufi Makka. Kafin mako ya zagayo Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a madadinsa. Mu a makaranta nan labarin ke tsayawa, a haddace shekara a wuce. Abin da ba a tsaya an nuna mana ba shi ne mutanen da suka bi shi. Ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasar Kano ya nufi Misau, kuma duk inda ya yada zango sai talakawa su kwashe su bi bayansa, manomi ya bar gonar da ya share yana jiran ruwan shuka, masaƙi ya naɗe zarensa, mata da goyo da ƙullin tsaba a ka. Har abin ya tsorata Turawa da sababbin sarakunan da suka naɗa, don garuruwa sun fara zama kufai.

Iyayen Inna Bakanuwa suna cikin waɗannan. Bappa ya ce abin da ta riƙe na garinsu bai wuce biyu ba, wata kuka mai kogo a bakin kasuwa da warin marina. Sunan garin ya ɓace mata. Da suka iso kusa da Gongola ƙafafunta sun kumbura sun fashe, uwar tana da goyo, uban yana ɗauke da kaya. Sai ya miƙa ta ga wata Bafulatana a wata ruga, ya ce amana, za su dawo ta kanta in hanya ta yi kyau. Ta ce ta ga bayan rigarsa har ya shige cikin jama'a. Shi ke nan.

"Gobe," in ji Bappa, "za mu je inda suka nufa."

Washegari na ari takalmin roba. Muka kama hanyar arewa da sassafe, ta Malam Sidi da Tongo zuwa Bajoga, muna kauce wa tirelolin simintin Ashaka da ke tafe kamar hanyar ta gadonsu ce. A Bajoga muka karya da masa da miyar taushe a wata rumfa kusa da tasha. Ina cin masar ina lissafi a raina cewa garin da nake taƙama da shi ma ƙanin wannan labari ne. Gombe ta asali, wadda Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu, tana can Gombe Abba ta wajen Dukku, inda kabarinsa yake. Turawa ne suka ɗauke hedikwata suka kai Nafada a 1913, sannan suka dawo da ita inda take yanzu a 1919. Wato ranar da aka yi yaƙin Burmi, garin da muka dosa, babu Jekadafari babu Bolari a yadda muka san su.

Neman hanya ya ɗan ba mu wuya. Ɗan acaɓan farko da muka tambaya ya ce bai san wani Burmi ba. Na biyu ya ce, "Au, Mbormi? Wajen kabarin Sarkin Musulmi?" Ya shige gaba muka bi shi. Muka sauka daga kwalta muka kama burji, daga burji muka koma turbar shanu, har muka iso wani wuri da ruwan jiya ya kwanta ya yi laka baƙa mai danƙo. Ƙanena ya taka birki ya ce, "Hamma, motar nan ba ta gado ba ce, bashi ce. Daga nan sai dai ƙafa."

Muka bar ta a gindin wata tsamiya muka taka. Gonaki ne hagu da dama, gero ya kai ƙugu, masara ta fara fitar da gemu, wake yana yaɗo a ƙarƙashi. Rana ta fito da irin zafin nan na bayan ruwa mai sa gumi ya riƙa tsiyaya ta ƙeya. Yaron yana gefena da waya, ya yi shiru yana danne-danne, can sai ya ce ya auna a taswira, daga Sakkwato zuwa nan ya haura kilomita 700, kuma a miƙe ke nan kamar tashin tsuntsu, ban da kwane-kwane. Ya ce malaminsu na lissafi ya ce takun babban mutum kamar santimita saba'in ne. Ya tsaya cak a tsakiyar turba.

"Baba, taku miliyan ɗaya ke nan."

Bappa ya ce, "To ka ƙara na yara, su takunsu gajere ne."

Daga 15 ga Maris zuwa 27 ga Yuli, ranar yaƙin ƙarshe a Burmi, kwana 134 ne. Sun fito cikin tsakiyar bazara, lokacin da rairayi ke toya tafin ƙafa kuma rijiyoyi ke ƙafewa, suka ƙare a cikin irin wannan lakar da ke neman cire mini takalmi, ga sojan Turawa a bayansu suna kora. Ban sake yin ƙorafin diddigena ba, ko da yake bororon jiya ya fashe tun a masarar farko.

Burmi ba gari ba ne da aka faɗa cikinsa bisa tsautsayi. Ribaɗi ne mai ganuwa na Malam Jibrilla Gaini, malamin da ya yi kira da sunan Mahadi ya gagari masarautar Gombe shekara da shekaru, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a yaƙi da shi a 1888. Turawa sun kama Malam Jibrilla a 1902 suka kai shi Lakwaja, amma mutanensa suna nan da kibansu da zuciyarsu. Ga kuma Dutsen Bima a wannan yanki na Gongola, wanda tun da daɗewa ake danganta shi da bayyanar Mahadi. Saboda haka duk wanda duniya ta yi wa zafi a wancan zamani, nan ya dosa. Ranar 13 ga Mayu wata rundunar Turawa ta fara gwada garin, aka yi mata ruwan kibau ta ja da baya. Suka koma suka yi shiri, suka dawo ranar 27 ga Yuli da igwa da bindiga mai ruwa.

Wani manomi da muka tarar yana noma na biyu ya ajiye fartanya ya zo ya gaishe da Bappa har ƙasa. Ya ce mun riga mun shigo gari ai. Na waiga, ban ga komai ba sai gero. Ya nuna wani ɗan tudu mai tsawo da ya ratsa gonarsa ya shige ta maƙwabcinsa, ciyawa ta rufe shi, ya ce ragowar ganuwa ke nan. Ya duƙa ya tono wani tsingaro daga kunya ya miƙa wa yaron. Ya ce kowace shekara garma sai ta fito da irinsa, wani lokacin kuma ta fito da abin da ba a ba yaro, sai a mayar a rufe a yi addu'a.

Shi ya kai mu kabarin. Na zo da wani hoto a kaina, na hubbare irin na Shehu a Sakkwato, ko ginin da aka yi wa Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Abin da na tarar ɗan wuri ne da aka keɓe a tsakiyar gonaki, ba ado, ba hayaniya, ba mai sayar da carbi ko turare. In ba a nuna maka ba, sai ka wuce kana tsammanin kabarin wani dattijon ƙauye ne. A nan Sarkin Musulmi yake kwance, shi da 'ya'yansa da suka faɗi tare da shi. An fara wuta tun hantsi ba a gama ba sai faɗuwar rana, Turawan da kansu sun rubuta cewa sun kashe fiye da mutum 600, sannan suka cinna wa garin wuta suka rushe shi. Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Baturen mulki a garinsa a 1902 ya gudo, shi ma a nan ya ƙare.

Ƙanena ya ɗan ja baya. Shi mutum ne mai tsantseni a kan irin waɗannan wurare. Ya ce, "Bappa, mu dai ziyara muka zo ta tuna mutuwa, ba roƙon matacce ba."

Bappa ya ce, "Wa ka ga ya zo da ƙoƙon bara? Mu muka kawo musu, ba su za su ba mu ba. Matso."

Ya matso. Muka yi sallama ga ma'abota kabari kamar yadda aka koyar, muka roƙa musu gafara. Yaron ya ɗaga hannu yana satar kallonmu don ya ga lokacin shafawa.

Da ɗan tazara akwai wani kabarin, na Manjo Mash, wanda ya jagoranci sojan Turawa, kibiya mai dafi ta same shi a ranar. Yaron ya tambaya ko shi ma za a yi masa addu'a. Bappa ya yi kamar bai ji ba, ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Wannan ya fi kowa nisan gida." Sai ya ƙara da wata maganar da ta tsaya mini a wuya. Ya ce kada yaron ya ɗauka Turawa ne suka cika filin nan. Turawan 'yan kaɗan ne, masu ba da umarni. Masu riƙe da bindigogin kuwa baƙar fata ne irinmu, da yawansu Hausa suke ji. Wanda ya harba da wanda aka harba, in sun yi kuka da yare ɗaya za su yi.

Lokacin da muke jami'a muna tafasa, na sha yin musu a ɗakin kwana a kan wannan tarihi. A wajena a lokacin lissafin mai sauƙi ne: Attahiru da waɗanda suka bi shi su ne maza, Waziri Buhari da waɗanda suka tsaya a Sakkwato suka yi sulhu da Nasara don jama'a ta tsira su ne suka ba da kai. Har yanzu ina ganin girman wanda ya ƙi sunkuyawa, kuma tsayuwa a gaban kabarin nan ta ƙara mini shi. Amma ranar ina tsaye hannuna a kafaɗar ɗana, na tambayi kaina in da ni ne a ƙauyen nan mai kuka da marina, aka ce ga Sarkin Musulmi yana wucewa, zan kama hannun yaron nan in sa shi a hanya? In na sa shi, ya kasa, zan iya miƙa shi ga baƙuwar fuska in juya? Bakin da na yi musu da shi a jami'a bai ba ni amsa ba. Waɗanda suka tsaya ma ba daɗi ne ya tsayar da su ba, wataƙila ƙafafun 'ya'yansu suka duba.

Ba duka aka mutu a Burmi ba. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a suka ci gaba da gabas, suka ratsa ƙasar Barno da Chadi har Sudan, suka kafa gari a bakin Nilu kusa da Sinnar, wanda har yau sunansa Mai Wurno, kuma har yau akwai masu jin Hausa da Fulatanci a cikinsa. Alfa Hashim, malamin Tijjaniyya da ke cikin tafiyar, ya kai har Madina. Bappa ya ce Inna Bakanuwa ta rayu a kan wannan. Duk alhajin da ya dawo ta ƙasa a zamanin da ake tafiya ta Sudan, sai ta aika a tambaye shi ko ya ga wani Bakano mai tsage kaza da mace mai suna kaza. Har ta tsufa ba ta yarda a ce mata marainiya ba. Cewa take iyayenta suna gabas.

Na ɗauka mun gama, na fara juyawa. Sai na ga Bappa ya jingine sandarsa, ya tuɓe takalmin robarsa ya riƙe a hannu, ya shiga cikin geron manomin nan ba takalmi. Ya yi nisa har sai hularsa kawai muke hangowa. Ya tsaya ya fuskanci alƙibla ya ɗaga hannu. Ƙanena ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya yi magana. Manomin ya ce a hankali, "Ku bar shi. Ba shi ne na farko ba. Wasu daga Sudan ma suke zuwa, su tsaya haka a cikin gona."

Da ya dawo idonsa ya yi ja, ƙafarsa ta yi kaca-kaca da laka. Ya ce, "Sarki yana da alama, kowa ya zo zai yi masa. Waɗannan fa?" Ya zagaya hannu a kan gonakin gaba ɗaya, geron da masarar da tudun ganuwar. "In suna nan, na gaishe su. In suna gabas, Allah Ya kai musu."

Bai mayar da takalmin ba har muka iso gindin tsamiya. Tafiyar komawa ta fi ta zuwa tsawo, hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa gero yana kwantawa yana tashi. Ƙanena yana ta sauri saboda motarsa ta bashi. Yaron ya sa tsingaronsa a aljihu, ya karɓi sandar kakansa yana dogarawa yana kwaikwayon tafiyarsa, Bappa yana cewa zai rama, ai amaryarsa ce zai ƙwace. Da muka shiga mota ya tambaye shi taku nawa aka yi yau. Yaro ya duba ya ce wayar ta mutu tun a wajen ganuwa. Ruwa ya kece kafin mu hau kwalta, muka yi ta jan ƙafa a bayan wata tirela har Tongo.

Bayan isha'i muka shiga gida. Uwar yaron ta tare shi tana tambayar abin da ya gano a yawon kwana biyu, ya ce biri ya jefi Bappa ƙarami da ɓaure, kuma Baba ya faɗi a taɓo. Aka sake yin dariyar shaddata, wadda har yanzu tana jiƙe a bokiti.

Bappa yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafafunsa cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri. Ya ce haka Inna Bakanuwa take yi kowane dare har ta bar duniya, faso bai taɓa barin diddigenta ba, kuma shi ne ɗan aiken da ke kawo mata man kaɗanya ya shafa mata, tana ba shi ƙanzo. Ya ɗaga murya ya kira jikansa.

"Kai angon Abuja! Je ka ce wa Goggonka ta ba ka man kaɗanya a gwangwani. Ka wanko hannunka."